Alibhai Mulla Jeevanjee (1856–1936): Ɗan Kwangilar da Ya Kai Leburorin Indiya Aikin Layin Dogo a Kenya

Gabatarwa

A tsakiyar Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, akwai wani lambu mai itatuwa da kujerun zama wanda ake kira Lambun Jeevanjee. Da tsakar rana ma'aikatan ofisoshi da 'yan tireda da masu neman aiki sukan fake a inuwarsa, ba mai tambayarsu ko sisin kwabo. Mutumin da ya ba jama'a wannan fili kyauta a shekarar 1906 ba haifaffen ƙasar ba ne. Baƙo ne daga Karaci, kuma tushen dukiyarsa shi ne kwangilar kawo leburori daga Indiya domin gina layin dogon da ya tashi daga Mombasa zuwa Tafkin Biktoriya. Ba zai yiwu a ba da tarihinsa a bar na waɗannan leburori ba, domin da guminsu ya ɗaukaka, kuma daga baya rainin da aka yi musu ya iso har ƙofar gidansa. Saboda haka za mu bi rayuwarsa daki-daki, mu ga abin da ya samu, da abin da su suka rasa, da kuma abin da ya wanzu bayan ƙasa ta rufe idon kowa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Alibhai Mulla Jeevanjee a shekarar 1856 a Karaci, birnin da ke bakin teku. A wancan zamani Karaci tana cikin Indiya ƙarƙashin mulkin Ingila, yanzu kuwa tana cikin Pakistan. Iyayensa Musulmi ne daga jama'ar Bohora, waɗanda aka san su da fatauci. Bai yi zurfi a karatun boko ba. Kasuwa da tashar jiragen ruwa su ne makarantarsa.

Yana da kimanin shekara 30 ya bar gida ya shiga neman na kansa. Ya zaga cikin Indiya, sannan ya ƙetare teku zuwa Ostareliya, inda ya zauna a birnin Adelaide yana sayar da kayan ƙasarsu. A bikin baje koli da aka yi a wannan birni a 1887 ya yi hulɗa da Turawa, ya kuma fahimci irin ƙofofin ciniki da ke buɗewa a ƙasashen da Ingila ke mamayewa. Da ya koma Karaci sai ya kafa kamfani mai ɗauke da sunansa, wanda ke lodi da sauke kaya a jiragen ruwa.

A 1890 ya isa Mombasa. A lokacin wani kamfanin 'yan kasuwar Ingila ne ke riƙe da wannan yanki, wato kamfanin da Kyaftin Lugard, wanda muka fi sani da Gwamna Lugga, ya yi wa aiki a Yuganda tun kafin ya zo Arewa. Jeevanjee ya fara samo wa kamfanin ma'aikata daga Indiya, ta haka Turawa suka san shi da cika alkawari.

Dalilin Gina Layin Dogo

A 1894 Ingila ta ayyana Yuganda a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarta, a 1895 kuma gwamnati ta karɓi yankin da ake kira Kenya a yau daga hannun kamfanin. Babban abin da Ingila ke so shi ne ta riƙe mafarin Kogin Nilu, domin wanda ya riƙe shi ya riƙe maƙogwaron Masar da mashigin Suwez, hanyar zuwa Indiya. Daga bakin teku zuwa Tafkin Biktoriya tafiyar wata biyu zuwa uku ce a ƙasa, kuma a kan 'yan dako ake ɗaukar kowane kaya. Sai aka yanke shawarar shimfiɗa layin dogo. Wasu 'yan majalisar Ingila sun ce aikin hauka ne, amma aka amince da kashe fam miliyan 3. Kafin a gama an kashe fiye da fam miliyan 5. Babban injiniya, George Whitehouse, ya sauka a Mombasa a Disamba 1895, aka kuma aza ƙarfen farko ranar 30 ga Mayu 1896.

Matsalar farko ita ce ta ma'aikata. Mutanen ƙasar suna da gonakinsu da garkunansu, ba su ga dalilin barin iyali su yi watanni suna haƙa ƙasa domin kuɗin da ba su saba da shi ba. An sami 'yan ƙasa da suka yi dako da saran daji, amma ba su kai yawan da ake bukata ba. Indiya kuwa ta yi shekara 40 tana gina layukan dogo, tana da magina da maƙera da kafintoci da akawuna, ga kuma talakawa masu neman abin kai wa baka. Nan ne sa'ar Jeevanjee ta zo.

Kwangilar Leburori

A 1895 aka ba shi kwangilar samo ma'aikata. Rukunin farko, mutum 350, sun sauka a Mombasa a farkon 1896. Daga nan jirage suka yi ta jigila daga Karaci, wasu mutanen ta hannunsa, wasu ta hannun waɗansu wakilai. Mafi yawansu daga lardin Punjab suke, akwai Musulmi, akwai mabiya addinin Sikh, akwai kuma 'yan Hindu.

Yarjejeniyar ta shekara 3 ce. Ana biyan lebura rupi 12 a wata, a ba shi abinci da magani, a kuma mayar da shi gida kyauta in wa'adinsa ya cika. Mai sana'ar hannu yana samun fiye da haka. Mai sassaƙa dutse, alal misali, yana karɓar rupi 45. Ga talakan ƙauye a Punjab wannan kuɗi ne mai auki. Amma akwai ƙulli a cikin takardar: wanda ya sa hannu ba shi da ikon barin aiki kafin wa'adi, in ya gudu ya zama mai laifi, ga teku tsakaninsa da gida. An kasa su gungu-gungu, kowane gungu yana ƙarƙashin helima wanda suke kira jamadar. Jeevanjee bai tsaya ga kawo mutane kaɗai ba, ya kuma karɓi kwangilar kai musu abinci da ta wasu gine-ginen layin. Ke nan yana cin riba ta ko'ina.

Halin da Aka Yi Aikin a Ciki

Da layi ya bar bakin teku sai ya shiga dajin Taru, ƙasa mai ƙaya da jar ƙura, wadda ba kogi ba rijiya. A jirgi ake kawo ruwan sha, ranar da jirgin ya yi latti kuwa sai ƙishirwa ta gallabi sansani. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da gyambo suka yi ta kwantar da mutane. Ƙarancin ɗanyen abinci ya jawo ciwon da ke kumbura dasashi. Jiga ta riƙa shiga ƙarƙashin farcen ƙafa, in ba a cire ta da wuri ba wurin ya ruɓe, har wasu suka rasa yatsu. Ƙudan tsando ya kashe shanu da alfadarai da jakunan da aka kawo domin jan kaya, nauyin ya koma kan mutane. A tantuna ake kwana, ana tashi da sansani duk lokacin da ƙarfe ya yi gaba. Akwai lokutan da kaso mai yawa na ma'aikatan ke kwance a asibitin tanti.

A 1898 da 1899 fari da yunwa da cutar agana suka afka wa mutanen ƙasar da layin ke ratsawa, musamman ƙabilar Kamba. Can gaba kuma, bayan Nairobi, sai ga gangaren babban kwarin nan da ya tsaga Afirka ta Gabas, inda aka riƙa zurara taragu da igiyoyin ƙarfe kafin a gama hanyar dindindin. Daga zafin Taru mutane suka koma cikin sanyin tsaunukan Mau. Kusa da tafki kuma mayaƙan Nandi, waɗanda ba su yarda a ratsa ƙasarsu ba, suka riƙa kai hari suna kwashe wayar tangaraho da ƙarafan layi.

Rikicin Tsavo

Rikicin da ya fi shahara ya auku ne a Kogin Tsavo, kimanin mil 130 daga Mombasa, inda wani injiniyan soja, John Henry Patterson, ya zo gina gada a Maris 1898. Labarin ya iso mana ne ta littafin da shi Patterson ya wallafa a 1907, don haka mai karatu ya tuna cewa bakin mai gida ake ji, ba na lebura ba.

Patterson ya ce ya tarar da wasu da aka rubuta a matsayin masu sassaƙa dutse ba su iya sana'ar ba, sun yi haka ne domin su karɓi rupi 45 maimakon 12. Sai ya soke albashin wata ya mayar da aikin na jinga: gwargwadon dutsen da ka sassaƙa, gwargwadon kuɗinka. Ga mutumin da ya baro gida bisa alkawarin albashi tsayayye, yake kuma fama da zazzaɓi, wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne. Ɓacin rai ya yi ta ƙaruwa har a Satumba 1898 wasu magina suka yi masa ƙawanya a wurin fasa dutse da nufin hallaka shi. Ya tsira, 'yan sandan reluwe suka kama jagororin, kotu ta ɗaure su.

A daidai wannan lokaci wasu zakoki biyu marasa geza suna shiga sansani da dare suna fizge mutane daga cikin tanti. An yi shingen ƙaya, an hura wuta, duk a banza. Mutane suka koma kwana a kan itatuwa da kan tankunan ruwa, wasu suka haƙa ramuka suka rufe da katako. Ranar 1 ga Disamba 1898 haƙuri ya ƙare. Ma'aikatan suka ajiye kayan aiki, hujjarsu ita ce sun zo yi wa gwamnati aiki ne, ba su zo zama abincin namun daji ba. Ɗaruruwa suka kwanta a kan layi suka tilasta wa jirgi tsayawa, suka hau suka nufi bakin teku. Aiki ya tsaya cik na kusan mako 3. Wannan yajin aiki ne na neman tsaron rai, kuma bai ƙare ba sai da aka kawar da abin da ya jawo shi: Patterson ya harbe zaki na farko ranar 9 ga Disamba, na biyu kuma kusa da ƙarshen watan.

An ƙidaya Indiyawa 28 da zakokin suka kashe, amma ba a rubuta yawan 'yan Afirka ba. Patterson ya ce jimillar ta kai 135, binciken masana na 2009 kuma ya kimanta waɗanda zakokin suka ci da kusan 35. A 1924 Patterson ya sayar da fatun ga wani gidan tarihi a birnin Chicago na Amurka a kan dala 5,000. Har yau ana zuwa kallon zakokin, amma mafi yawan mutanen da suka ci ko sunansu ba a adana ba.

Ba a Tsavo kaɗai aka yi takun saƙa ba. A 1900 ƙananan ma'aikatan reluwe sun yi yajin aiki da ya faro daga Mombasa ya bi layi, saboda an janye musu wasu haƙƙoƙi, aka kuma sallami jagororin.

Lissafin Ƙarshe

Layi ya isa Nairobi a Mayu 1899, lokacin tana fadama ce kurum inda Masai ke shayar da shanu. A Disamba 1901 ya isa Kisumu a bakin tafki, bayan kimanin mil 580. Matar wani injiniya, Florence Preston, ita aka ba girman buga ƙusar ƙarshe.

Ga abin da alƙaluman hukuma suka nuna. Indiyawa 31,983 aka kawo. Daga cikinsu 2,493 sun mutu, wato fiye da mutum 4 a kowane mil. An mayar da 6,454 gida saboda ciwo ko naƙasa. Wasu 6,724 suka zaɓi zama a Afirka ta Gabas, sauran fiye da 16,000 suka koma gida da wa'adinsu ya cika. In aka haɗa matattu da naƙasassu, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu bai fita daga aikin nan lafiya ba.

Bunƙasar Arzikinsa

Jeevanjee kuwa ya fito da dukiya mai yawa, abin nan da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da Nairobi ta fara tasowa, shi ya gina da yawa daga ofisoshin gwamnati na farko, ya mallaki filaye da gidaje masu ɗimbin yawa a Nairobi da Mombasa, ya gina kasuwa mai sunansa, daga baya har ya sayi jiragen ruwa na kansa. A 1902 ya kafa jaridar African Standard a Mombasa, ya ɗauki Bature ya zama editanta. A 1905 ya sayar da ita ga wasu Turawa biyu, suka sauya mata suna zuwa East African Standard. Ita ce jaridar The Standard da ake bugawa a Kenya har yau. A 1906 ya ba da lambun da muka ambata.

Gwagwarmayar Neman Haƙƙi

Amma dukiya ba ta saya masa daraja a idon Turawan da suka zo zama ba. Domin layin ya biya kuɗinsa, gwamnati ta gayyato Turawa manoma ta ba su tsaunuka masu ni'ima, aka kuma hana Indiyawa mallakar gona a can. Turawan nan sukan kira kowane Ba'indiye da sunan raini na lebura, wato kuli, ko da attajiri ne. A 1902 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a Nairobi, hukuma ta ƙone kasuwar Indiyawa ƙurmus, daga nan kuma aka yi ta kiran a ware unguwanni bisa launin fata. Mutumin da ya gina ofisoshin gwamnati ya wayi gari ba shi da ikon sayen gonar da Bature mafi talauci zai iya samu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jeevanjee bai shafa ba sai da wutar ta iso.

A 1909 aka naɗa shi ɗan majalisar dokokin ƙasar, shi ne mutum na farko wanda ba Bature ba da ya sami wannan kujera. A wannan shekara ce Gwamna Percy Girouard ya bar Arewacin Nijeriya ya koma Nairobi, bayan ya fara layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara masa leburori. Jeevanjee ya ga murya ɗaya ba ta tasiri a cikin majalisar, bai kuma daɗe a kujerar ba. Sai ya kai ƙara gaba. A 1910 ya je Landan ya bayyana wa jaridu halin da Indiyawa ke ciki, abin da ya harzuƙa Turawan Nairobi. A 1912 ya wallafa ɗan littafi na koke a madadin Indiyawan Afirka ta Gabas. A 1914 yana cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar siyasar Indiyawan yankin.

A Yulin wannan shekara ta 1914 ma'aikatan reluwe da na ma'aikatar ayyuka, Indiyawa, suka yi yajin aiki a kan harajin kai da matsalar gidaje da abinci da albashi. Gwamnati ta yi alkawarin dubawa, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai aka yi amfani da dokar soja aka kori jagororinsu daga ƙasar.

Takaddamar Indiyawa da Turawa ta kai ƙololuwa a 1923, inda gwamnatin Ingila ta fitar da takardar hukunci mai ɗauke da sunan sakataren mulkin mallaka, Devonshire. An ba Turawa kujeru 11 a majalisa, Indiyawa 5, ko da yake Indiyawa sun fi yawa. An ƙi amincewa da dokar ware unguwanni a birane, amma tsaunuka suka ci gaba da zama na Turawa. Takardar ta kuma ce maslahar 'yan Afirka ita ce gaba da ta kowa. Ko da yake maganar ta daɗe tana kan takarda kurum, ta tuna wa ɓangarorin biyu cewa baƙi ne ke jayayya a kan ƙasar Kikuyu da Masai da Nandi.

Karayar Arziki da Rasuwarsa

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Siyasa ta cinye masa lokaci da kuɗi, ta kuma ɓata tsakaninsa da hukumar da ke ba da kwangila. Harkokinsa suka yi ta ja da baya, bashi ya taru, kadarori suka fita daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a Nairobi ranar 2 ga Mayu 1936 yana da kimanin shekara 80, ba tare da dukiyar da aka san shi da ita ba.

Shekara guda kafin rasuwarsa, a 1935, aka kafa ƙungiyar ƙwadago a Nairobi wadda wani matashi, Makhan Singh, ɗan wani kafintan da ya yi aiki a reluwe, ya zama sakatarenta. Shi ne ya buɗe ƙofar ƙungiya ga ma'aikata na kowane launi, kuma Turawa suka tsare shi daga 1950 zuwa 1961. Maganar albashi da awoyin aiki, wadda manyan attajirai ba su sa a gaba ba, 'ya'yan ma'aikata ne suka ɗauke ta.

Kammalawa

Adalci shi ne a faɗi ɓangarori biyu. Jeevanjee ya tsaya gaban masu mulki a lokacin da tsayuwar ke da tsada, kuma ya biya farashinta. Amma gwagwarmayarsa ta fi karkata ga fili da kujerar majalisa da 'yancin ciniki, wato abubuwan da suka fi damun masu hali, alhali tsanin da ya taka ya hau mutane ne masu karɓar rupi 12 a wata. Duk wanda ya yi gaba a birni har ya zama shi ke samo wa 'yan garinsu aiki, ya sani amana ce ya ɗauka. Bai isa a kai mutum wurin aiki a karɓi la'ada ba. Wajibi ne a san inda yake kwana, da abin da yake ci, da ko ana biyansa yadda aka yi alkawari, da kuma wanda zai tsaya masa ranar da ciwo ya kwantar da shi.

Daga cikin gidaje da jirage da filayen Jeevanjee babu abin da ya rage a hannun zuriyarsa kamar yadda yake a da. A 1991 an yi yunƙurin mayar da lambunsa wurin gine-ginen kasuwanci, jikarsa Zarina Patel ta jagoranci jama'a suka ƙi, aka janye shirin. Abin da ya tara ya watse, abin da ya bayar shi ne ya tsaya. Leburori 2,493 da suka kwanta dama a gefen layin kuwa, adadinsu kaɗai tarihi ya riƙe, kuma haƙƙinsu ne a riƙa ambatonsu duk lokacin da aka ambaci sunansa.